Alfred Mai Littafin Hatimi

Ƙarfe bakwai da rabi na safe Malam Alfred ya riga ya iso ofis, da lemarsa a hammata ko da hadari ko babu. Zai gaida masinja, ya kakkaɓe tebur, ya buɗe durowa ya ɗauko wani baƙin littafi da ya sha hannu har bangonsa ya yi laushi. Shekara goma sha shida ke nan yana haka a Dutsin-Ma, tun da ya zo daga kudancin Zariya a 1972. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, kuma wallahi bai kamata ya tafi shiru ba.

Aikinsa duba takardun shaida ne. Mai neman shiga kwaleji ko aikin gwamnati sai ya kawo takarda daga dagacinsa, mai nuna cewa shi ɗan ƙasar ne. To, wa ya shaidi dagacin? Hakimi. A littafin nan akwai samfurin hatimin kowa, daga Makera har ƙauyukan Kurfi. Na hakimi ba a aiko masa da shi, da ƙafarsa yake zuwa a buga a gaban idonsa. Na dagaci kuwa ba ya shiga littafi sai da wasiƙar hakimi. Hatimin da ya ɓata, ko mai shi ya rasu, sai ya ja masa jan layi ya rubuta ranar, shi ke nan ya daina aiki.

Taurin kai? Kai, akwai shi! Abokan aikinsa kan ce ko mahaifiyarsa ce ta kawo takarda sai ya buɗe littafi.

Wata Laraba a daminar 1979, wani dattijo manomi, Malam Garba, ya zo daga wani ƙauye na ƙasar Kurfi da ɗiyarsa Kyauta. Ta ci jarrabawar kwalejin horon malamai, ita ce mace ta farko a ƙauyen da ta kai nan. Ranar Juma'a za a rufe karɓar takardu, wanda bai kai tasa ba sai a ba wani gurbinsa. Alfred ya ɗora takardar kusa da littafi, ya duba, ya sake dubawa, sai ga jan layi a kan hatimin a littafin.

"Baba, ba zan iya karɓa ba. Wata huɗu ke nan da aka aiko cewa hatimin nan ya ɓata."

"Ya ɓata? Gaban idona dagaci ya buga shi jiya!"

"Ban ƙaryata ka ba, Baba. Amma ban san hannun da ya shiga ba a wata huɗun nan. In na karɓi taku yau, gobe mai ta jabu ya zo da irinsa, me zan ce masa?"

Malam Garba ya miƙe. "Kai baƙo ne, mi ka sani game da mu? Tashi mu tafi, Kyauta."

Motar ƙauyen sai ranar kasuwa take zuwa, ga rafi ya kawo, tsohon kuma ba ƙafar tafiya gare shi ba. Suka nufi gidan wani ɗan'uwansu a cikin gari, yarinya na sharar hawaye. Kalmar baƙon nan ta soki Alfred ƙwarai, shi da ya haifi 'ya'ya uku a garin. Amma hawayen ya fi damunsa.

Alhamis da sassafe ya nemi izini, ya ari keken masinja, ya kama hanya. Masu noma a bakin rafi sun ga akawu da wando a naɗe, keke a ka, ruwa har ƙugu, littafi a ƙunshe cikin leda a saman sirdi. Har yau suna ba da labarin suna dariya.

Da ya isa, dagaci ya yi dariya shi ma. "Ai an tsinto hatimin, Malam! A kasuwa ya faɗi, wani ya kawo mini. Sabon da aka sassaƙa ba ya shan tawada kamar wannan." Alfred ya durƙusa, ya yi bayani cikin ladabi har dagaci ya daina dariya. Aka rubuta sabuwar takarda, aka buga sabon hatimi, tsohon hatimin kuma aka tsaga shi da wuƙa a gaban liman da masu unguwa.

Juma'a da hantsi ya kai musu takardar har gidan ɗan'uwan nasu, yana ɗingishi. Malam Garba ya rasa inda zai sa idonsa. "Malam Alfred, na ce maka baƙo..."

"Baba, ku yi sauri, mota ba ta jira."

Bayan wata biyu aka kama takardun jabu uku masu tsohon hatimin, waɗanda aka buga lokacin da ya ɓata. Aka soke duk takardar da ke ɗauke da shi, aka sallami masu su. Ta Kyauta ba ta ciki.

Malam Alfred, kai ne ka yarda a zage ka don kada a kori ɗiyar mutane daga aji. Kai ne mai a'a mai amfani. Mun gode, Allah ya ba ka hutu da lafiya, ya albarkaci zuri'arka. Ku kuma masu zama a kujerarsa, ku koyi ƙin takarda irin nasa, amma kada ku tsaya nan, ku bi mai ita har ta gyaru.

Malama Kyauta tana koyar da aji huɗu yanzu, yara arba'in da bakwai. Da aka gaya mata zai ajiye aiki, sai ta ajiye alli ta ce, "Kwana biyu na yi ina tsine wa mutumin nan a raina. Shekara tara ke nan ina yi masa addu'a, har yanzu ban ji na rama masa ba."