Ƙirgan Dila

Mu malaman koleji na Lome muna da zaure a waya. Da safe a turo labarin wanda aka yi wa canjin makaranta, da rana takardun darasi, da yamma barkwanci. Ni ɗan kallo ne, ba na tofa komai. Amma a shekarata ta biyu da fara koyar da lissafi babu takardar da ban sauke ba, don darakta ya kira ni ofis ya faɗa mini ba kwana-kwana: hayaniyar ajina ta ishi makaranta. Zai zo ya zauna ranar Alhamis, in bai ga sauyi ba in nemi wani wurin. Takardun ba su da laifi. Yaran ne ko kallon allo ba sa yi.

Ina kan zemijan, babur ɗin haya, daga unguwar Avédji zuwa Zongo, sai Kaka Azumi ta faɗo mini a rai.

In an idar da magariba takan fito da kurfoti, murhun gawayi, tsakar gida, ta ɗora waken da za ta kai kasuwa da safe. Mu jikoki mu kewaye wutar, har da 'ya'yan Zabarmawan da ke haya a ɗakin baya. Kaka ba ta da murya, ba ta iya waƙar tatsuniya ba. Abin da ta ƙware a kai shi ne kuskure.

"Ga ta nan, ta biyo hayaƙi."

"Ta zauna mu ji ta!"

"Wata kura ce, ta kaɗa ƙahonta..."

"Kaka! Kura ba ta da ƙaho!"

"Au, haka ne? Madalla, maigidana. Ashe ba barci kake ba."

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ta Dila ce, malamin daji. Kura ta kai masa 'ya'yanta uku ya koya musu ƙirga, ta ce in kasuwa ta zagayo ba su iya ba, shi ne abincin dare. Dila ya yi da tsakuwa, ya yi da yatsu, 'ya'yan kura sai hamma da cizon juna. Ana gobe kasuwa ya samo nama, ya ce kowa tsoka biyar. Ya ƙirga wa na farko daidai, na biyu daidai. Da ya zo kan auta sai ya ce, "Ɗaya, biyu, biyar." Auta ya dubi gabansa, ya dubi gaban 'yan'uwansa, ya daka tsalle: "Ƙarya ne, Malam! Ina uku? Ina huɗu?" Kafin Kura ta iso, duk sun iya ƙirga har ashirin, don kowa ya sa wa hannun malam ido.

"Kun ji," in ji Kaka tana fifita gawayi, "wanda bai ji kira ba, zai ji cuta."

Ranar Alhamis darakta ya zauna a baya da littafinsa. Na hau aiki a allo, da na zo bakwai sau takwas na rubuta hamsin da huɗu, na wuce abina. In babu wanda ya kula, mutumin nan zai tafi da cewa ko lissafin ban iya ba. Na yi layi ɗaya, na yi na biyu. Na ji alƙalaminsa yana motsi.

Sai Afi, shugabar masu surutu, ta miƙe. "Monsieur, c'est faux, ba daidai ba ne! Hamsin da shida ne!"

"Au, haka ne? Zo ki gyara."

Aji ya kwashe da dariya. Na ce musu daga yau kowane darasi akwai kuskure ɗaya a ɓoye, a nemo shi. Ka ga idanu a kan allo kamar kaji sun ga tsaba. Darakta bai yabe ni ba, ba halinsa ba ne. Cewa ya yi kawai in riƙa zuwa da wuri ranar Litinin.

Shekara tara ke nan ina ɓoye kuskure. Kwanaki na shiga aji a gajiye, na yi wani na gaske bayan na ganganci. Wani ɗalibi ya ce, "Monsieur, yau biyu ka ɓoye!" Kafin in yi tunani bakina ya ce, "Madalla."

Na tsaya da alli a hannu. A shekarunta na ƙarshe kurakuran Kaka sun yi yawa. Dila ya koma zomo a tsakiyar labari, ta kira ni da sunan kawuna da ya rasu, mu kuwa mu yi ta ihu, "An kama ki, Kaka!" Ita kuma ta yi murmushi ta ce madalla.

Har yau ban san guda nawa ne na ganganci ba.