Layin da Saje Haggai Bai Karanta Ba

Da aka ce mini akwai wani tsohon soja a Zuru da ya kwashe makonni yana fama da haɗa manhajar kimiyya, ban yarda ba. Na yi karatu inda wuta ba ta ɗaukewa, kuma ko a can na ga masu digiri sun yi watsi da irin wannan aiki. Na kuma yi shakkar ko labarin ya cancanci a ba da shi a garin da ake ƙirga waɗanda ba su dawo daga gona ba. Na dai je.

Saje Haggai ya yi shekara ashirin da biyu a sashen sadarwa na soja. Da ya ajiye kaki sai ya buɗe shagon gyaran rediyo kusa da tasha, daga baya ya ƙara da kwamfuta. 'Yarsa Joyce ta karanci aikin gona a wata jami'a mai nisa. Aikinta na kammala digiri na biyu shi ne auna ruwan sama da damshin ƙasa a gonakin Bena, damina uku a jere. A ƙarshen ta ukun 'yan bindiga suka tare motar da ta shigo. Sun tafi da jakarta da kwamfutarta. Gawarta aka kawo gida, da ɗan filashin ajiye bayanan kwamfuta ɗaure a zaren wuyanta.

Bayan wata huɗu malaminta ya kira. Ya ce idan aka turo masa alƙalumanta a jere cikin wata guda, kafin kwamiti ya zauna, zai nemi a ba ta digirin, a kira sunanta ranar yaye ɗalibai. Buɗe fayil kuwa, ya ce ɗalibai arba'in ke wuyansa, ba shi da wannan lokacin.

Fayil uku ne a filashin, kowace damina da nata, kuma babu wanda ya buɗu. An adana su ne a tsarin masu bincike, sai da wata manhaja ta musamman da suke kira laburare. Kwamfutar shagon ta tsufa, manhajar da aka riga aka haɗa ta ƙi hawa kanta. Dole ya sauko da ɗanyen rubutun manhajar ya haɗa da kansa, da kompaila, wato abin da ke juya rubutun mutum zuwa abin da na'ura ke ganewa.

Kullum da safe, in akwai wuta, ya ba da umarni. Rubutu ya yi ta gudu a baƙin allo na minti ashirin, sai ya tsaya cak da jajayen layuka fiye da ɗari. Haggai ya sa tabarau ya karanta na ƙarshe, ya kwafe shi a littafi, ya nemi bayaninsa a waya. Haka aka horar da shi: idan saƙonni suka zo a jere, na ƙarshe ake bi, shi ya soke na gabansa. Ya gyara abin da layin ƙarshe ya ambata, wani ya fito. Ya canza rubutun da ba shi da laifi, ya goge, ya sake sauko da shi. Sau biyu wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki. Kwana goma sha tara suka tafi a haka.

Ran nan matarsa Saloma, wadda ta yi shekaru tana aikin jinya, ta kawo masa tuwon dawa da rana, ta tarar na jiya ma bai taɓa ba.

"Baban Joyce, wannan akwatin zai ci maka tuwon ne?"

"Ajiye nan, ina zuwa."

"Jiya ma kana zuwa." Ta leƙa allon. "Duk wannan jan rubutun cuta ɗaya ce?"

"Ga ta nan a ƙasa."

"Kai dai soja ne har yanzu. Mu in an kawo mana mutum yana suma, ba sumar muke tambaya ba. Cewa muke, me ya fara yi masa?"

Da ta fita ya ja allon sama, abin da bai taɓa yi ba. Jan layi na farko gajere ne. Cewa ya yi ba a sami wata ƙaramar manhaja ba, mai warware bayanan da aka matse. Duk sauran ɗarin kukan rashinta suke yi. Ya sauko da ita, bai kai minti biyar ba. Ya sake ba da umarni, rubutun ya gudu har ƙarshe, babu ja ko ɗaya.

Fayil na farko ya buɗu, na biyu ma. Kwanan wata, sunan gona, yawan ruwa, dubban layuka. Ya daɗe yana kallonsu, tabaraunsa a hannu. Na uku ya ƙi. Rabinsa kawai ke cikin filashin. Da alama Joyce tana cikin kwafewa aka ce mata mota ta cika. Ya yi kwana goma yana gwada duk dabarar da ya samu, sannan ya tura damina biyun.

Amsar malamin ba ta yi tsawo ba. Ya yi ta'aziyya, ya ce ƙa'ida damina uku ce, kwamiti bai amince ba.

Ranar da na je shagon, wata biyar ke nan da yaye ɗaliban. Rediyoyin mutane sun taru a kan benci, ƙura ta rufe su. Kwamfutar na kunne, filashin a jikinta. Na ce, "Baba, tunda an riga an yi bikin, me kake nema a na ukun?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ruwan da aka yi a Bena bara, ba wanda ya auna shi sai ita. Rabinsa na nan ciki."