Mutumin da ke Kwance a Cikin Hoton

Ana sallame sallar asuba muka bar Sakkwato, ni da wani abokin aikina mai koyar da Larabci, cikin tsohuwar fijon makaranta da direbanta. Ni malamin zane ne a wata kwalejin horon malamai, kuma bari in faɗa muku tun yanzu, ni na jawo wannan tafiya da bakina. An gina mana sabon ɗakin koyon zane, aka ce a kawo sunan da za a sa masa. Na miƙe a taron malamai na ce a sa sunan wani Bafaranshe mai zane da ya ratso ƙasarmu zamanin Turawa. Na yi ta zuba. Na ce mutumin nan ya ƙaunaci baƙar fata, ya ci abin da muke ci, ya zauna a tabarmarmu, har hawaye ya yi ranar da zai koma, haka dai na karanta a littafin da ke laburarenmu. Firinsifal ya ji daɗi ƙwarai, musamman da yake wasu Faransawa sun yi alkawarin zuwa bikin buɗewa da fenti da takardu. Sai ya ce in je in nemo wani tsoho da ya ga mutumin da idonsa, a kawo shi ya yi shaida a gaban baƙi. Saura mako biyu biki.

Akwai hoto guda na zanensa da na yanka daga wata kalanda tun ina ɗalibi. Wani dattijo mai ɗori ne durƙushe a gindin tsamiya, hannayensa biyu a kan ƙaurin wani saurayi da ke kwance. Saurayin ya lumshe ido, fuskarsa a sake. A ƙasa an rubuta Jega. Wannan hoto shi ya sa na zama malamin zane, ba na ɓoyewa. Na sa shi cikin kwali na rungume a ƙirji, abokin tafiyata yana ta yi mini tsiya wai ko Alƙur'ani ban taɓa riƙewa da irin wannan ladabi ba.

Hanya ba laifi har Tambuwal, sai dai fijon kan yi tari duk sanda ta ga hawa. A Tambuwal muka karya da ƙosai da kunu, sule biyu ya ƙosar da mu uku. Daga nan zafi ya fara, don bazara ta kama sosai. Tun kafin mu kai mararrabar Aliero warin albasa ya cika motar, ga buhuna jibge a bakin titi, manoma zaune a kansu suna jiran manyan motocin kudu. Direba ya rage gudu ya ce ko za mu tsaya. Na ce masa me za mu yi a Aliero, mu da Jega muka nufa? Ya ce to, ya taka mota.

Mun shiga Jega da hantsi. Gari ne na kasuwa, ko'ina ka duba ana ɗaura kaya ko ana saukewa, ga masu kifi daga bakin gulbi, ga masu gishiri da goro. Aka kai mu zauren wani tsohon malami da aka ce babu abin da ya wuce a garin bai sani ba. Bayan gaisuwa na buɗe kwali na miƙa masa. Ya kai hoton kusa da ido, ya janye, ya sake kaiwa, sai ya kece da dariya har rawaninsa na karkacewa.

Ya ce, “Malam, wa yac ce maka Jega ta? Ɗori ai sai Aliero. Wagga tsamiya ma na san ta.”

Ya ce ya tuna Annasaran, wato Baturen mai zanen, a barikin Jega ya sauka, da tafinta da 'yan doka biyu da Di'o ya haɗa shi da su. Na tambaye shi ko gaskiya ne yakan ci tuwo da mutane. Malam ya ce shi dai abin da ya gani, kuku gare shi, kuma ko ruwan garin sai an tafasa masa. Na ce a raina tsufa ne, ya manta. Muka ci soyayyen kifi a tasha, muka juya baya. Na ga kafaɗun direba na rawa, yana danne dariya.

A Aliero ba mu sha wuyar neman gidan ɗorin ba. Tun daga ƙofa ka san inda ka zo, don rumfuna ne jere cike da majinyata, wani hannu a ɗaure, wani ƙafa a miƙe, wasu ma daga Nijar aka kawo su. Mun iske mai gidan yana aiki, dattijo ne mai furfura, sai muka tsaya muna kallo. Wani direban tifa ne aka kawo da karaya a damtse. Mutum biyu suka danne shi, dattijon ya ja hannun, ya laluba da yatsu har ƙashi ya koma mazauninsa, ya shafa man shanu, ya yi tofi, sannan ya jera karare kewaye da wurin ya ɗaure tamau. Ihun da direban nan ya yi, wallahi har yanzu yana kunnena. Da dattijon ya gama ya gargaɗi 'yan'uwan mutumin, ya ce ko gobara ta tashi kada a taɓa ɗaurin nan, kada a motsa shi, sai kwanakin da ya ɗiba sun cika.

Da ya wanke hannu na nuna masa hoton, ina murmushi, ina jiran ya yi murna. Ya daɗe yana kallo. Ya ce mahaifinsa ne, Allah ya jiƙansa. Sannan ya miƙo mini abina da hannun hagu.

Na ce, “Baba, ai abin alfahari ne. Har ƙasar Faransa an san mahaifinku.”

Ya ce, “Kai da kac ce malami na kai, duba da kyau. Ina karan ɗori ga ƙahwar nan?”

Na duba. Fiye da shekara goma ina kallon hoton nan, ban taɓa lura ba. Babu kara, babu igiya, ƙauri ne tsirara a ƙarƙashin hannun dattijo. Na ce ko kafin a ɗaure ne aka zana. Ya girgiza kai ya ce a gidansu ba a tada wannan zance, tsohonsu ya hana tun yana da rai. In muna son ji, mu tafi Maiyama mu nemi Arzika gurgu, mai ƙafar, in yana nan da sauran kwana. Bai raka mu ko bakin zaure ba. A waje wani manomi ya cusa wa direba albasa cike da kwando a kan naira ɗaya, yana rantsuwa gara ya ba da ita haka da ta ruɓe masa.

Muka sake ratsa Jega, muka haye gada muka yi kudu. Gonaki duk an share su ana jiran ruwa, ba ganye ko ɗaya, shanu sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu. Abokina ya miƙo mini goro na ce na ƙoshi. Mun isa Maiyama bayan la'asar, muka yi salla a masallacin bakin hanya, kuma mutum na farko da muka tambaya ya nuna mana gidan.

Baba Arzika na zaune a ƙofar gida yana tufkar igiya. Tsoho ne dogo, da ka gan shi ka san an yi ƙarfi da ƙuruciya. Ya yunƙura zai tashi ya tarbe mu, a nan na ga ƙafar. Daga gwiwa zuwa idon sawu ta lanƙwashe ta yi waje, ta fi 'yar'uwarta gajarta da kusan taƙi guda, sai da sanda yake tsayuwa. Aka kawo mana fura mai sanyi. Na rasa ta inda zan fara, sai abokina ya yi masa bayanin abin da ya kawo mu.

Ya ba mu labarin ba tare da ya daina tufka ba. Yana saurayi ya je Aliero cin rani, yana ban ruwa a lambun albasa, bakin rijiya ya zube da shi ƙafa ta karye. Aka kai shi gidan ɗori, aka ɗaure lafiya lau. Kwana uku da ɗauri sai ga Annasara da 'yan doka, wai yana son ya zana yadda ake ɗori. Ya leƙa ɗakin ya ce duhu ya yi yawa, a fito da majinyaci gindin tsamiya. Aka ciccibo shi. Annasara ya sake dubawa ya ce kararen nan sun rufe ƙafar, sun ɓata masa abin da yake so, a kwance. Mai ɗori ya roƙi tafinta, ya ce in aka kwance yanzu ƙashi zai goce. Tafinta ya faɗa wa Annasara, Annasara ya dubi 'yan doka. Aka kwance.

Baba Arzika ya ce, “Sahiya biyar, Malam. Kullum a ɗauko ni, a kwance, tsoho ya aza hannunai bisa ƙahwata shina kuka, Annasara na zane shina busa taba. Rana ta yi sama a maida ɗauri. Ran na shida yat tahi, yab bar min gwangwanin fenti da ba komi ciki.”

Ya ce mai ɗori ya yi iya yinsa bayan nan, har ya so ya sake karya ƙafar ya gyara, amma kumburi ya hana. Tun daga lokacin bai sake riƙe garma ba. Igiya da tabarma su suka ci da shi har ya aurar da 'ya'yansa.

Sai ya ce in nuna masa hoton, don bai taɓa gani ba. Na miƙa masa. Ya ajiye igiya, ya goge tafinsa a riga kafin ya karɓa. Ya bi ƙaurin da yatsa daga gwiwa har ƙasa, a miƙe sambal. Sannan ya tsaya a kan fuskar.

Ya ce, “Wanga barci shi kai. Ni ko ihu ni kai, har muryata tad dushe.”

Jama'a, ban taɓa jin kunya irin ta ranar nan ba. Ni da na tsaya gaban ɗalibai shekara da shekaru ina nuna musu fuskar nan, ina cewa ku dubi yadda mai zane ya kama natsuwar mutanenmu. Na so in haɗiye maganar biki, amma abokina ya riga ya ambata. Baba Arzika ya tambaya ko za a rataye hoton a ɗakin. Na ce babba ma, Faransawa za su kawo.

Ya ce, “To ni ka zuwa. Amma ku bar ni in tsaya kusa da shi in naɗe wandona, kowa ya ga ƙahwar duka biyu. Ba ni cewa komi.”

A Jega muka kwana gidan wani ɗan'uwan direba. Washegari muka kamo hanya, muka wuce Aliero ban ko ɗaga kai ba, muka shiga Sakkwato da azahar. Ko gida ban biya ba na wuce ofishin Firinsifal na kwashe komai na faɗa masa, na ce a canza sunan, ni na kawo shi kuma ni na janye. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce abin ba daɗi, Allah ya kyauta. Amma an buga katin gayyata, an sanar da ma'aikatar ilimi, baƙi sun sa rana. Suna ba ya canzuwa. Tsohon kuwa a kawo shi, ai samun wanda ke cikin hoton da ransa ba ƙaramin abu ba ne. Makaranta za ta ɗinka masa babbar riga mai jan ƙasa, a shigo da shi tun kafin baƙi su iso, a zaunar da shi a kujerar gaba, kada ya tashi sai an watse. Ya ƙara da cewa in na kawo abin da zai kunyata makaranta gaban baƙi, in shirya komawa koyarwa ƙauye.

Na fito ina tunanin abin da tafiyar nan ta koya mini, kuma ba mai daɗi ba ne. Littafin da na haddace, mutanen mai zanen ne suka rubuta shi, ba wanda ya taka zuwa Maiyama ya tambaya, alhali tafiyar yini ɗaya ce daga ƙofar ajina. Ni ma ban taka ba sai da aka aike ni. Kuma abin da Bafaranshen ya yi da 'yan doka biyu, mu yanzu za mu maimaita shi da yadi goma na shadda.

Telan makaranta ya zo jiya yana neman awon tsohon. Na ce masa ya bari, ba a bukata. Yau da safe na je tasha na sami direban da ke zuwa Maiyama, na ba shi saƙo ya kai wa Baba Arzika: ranar biki ni zan zo da kaina in ɗauko shi, ya sa wandon da ya fi sauƙin naɗewa.