Ƙattin Zomayen da Malam Ya Bar Mini

Shin Malam ya san tafiya zai yi lokacin da ya kawo mini zomayen nan, ko kuwa zuciyata ce kawai take haɗa abin da bai haɗu ba? Na tambayi abokinsa, na tambayi ɗiyata wadda ke riƙe da waya yanzu tana rubuta abin da nake faɗa, don ni ban yi karatun rubutu ba. Har yau babu amsar da ta kwanta mini. Bari in ba ku labarin, ku ma ku auna.

Shekarun baya, da zaman ƙauye ya gagara, muka baro Karakkai muka kama ɗan gida a Tudun Wada cikin Gusau. Malam manomi ne tun tasowarsa, zaman gari bai karɓe shi ba. Da damina yakan je ya noma wata 'yar gona da aka ara masa a bayan gari, da rani kuwa sai zaman ƙofar gida da rediyo. Ni kuma ina da 'yan awakina da na taho da su, kullum cikin ba maƙwabta haƙuri nake saboda ɓarnarsu.

Wata rana bayan an gama kaka, ya bi wani abokinsa na Bungudu suka je kasuwar Tsafe. Da la'asar sai ga shi a bayan ɗan kabu-kabu, rungume da wani babban kwando an rufe shi da buhu. Ya dire shi a tsakar gida ya yaye buhun. Wallahi sai da na ja da baya. Wasu halittu biyu ne masu ruwan toka, kowanne ya kai ɗan akuyar da aka yaye, kunnuwansu sun fi tafin hannuna tsawo.

Na ce, "Malam, wanga mi ne ne?"

Ya ce, "Zomo."

Na ce, "Zomo dai na san shi. Na feɗe shi, na dafa shi, na ci. Wanga ba zomo ba ne."

"Irin na Turai ne. Can haka suke girma."

"To can ɗin mi suke ci, mutane?"

Ya yi dariya har da tari. Ni ban yi ba. Kafin magariba matan unguwa sun cika gidan. Wata ta ce allura ake yi musu su kumbura, wanda ya ci namansu shi ma zai kumbura. Wata ta rantse an haɗa su da kare ne, ta ce in dubi ƙafafun baya. Na kwana da maganar nan a raina. Washegari da Malam ya fita, na ɗauki ɗan ƙashi mai nama a jiki na ajiye a gaban namijin, na koma bayan turmi na laɓe, tsohuwa da ni. Ya shinshina, ya kawar da kai, ya je ya kama cin ganyen dankali. Na ce to alhamdu lillahi, dangin kare dai sun fita.

Da na gama zargin zomaye, sai na koma zargin mai zomaye.

Abin da ya fara tsaya mini shi ne awaki. Malam ya dame ni in rabu da su. Ya ce akuya sai an bi ta waje, sai an nemo ta da yamma, su kuwa waɗannan daga ɗaki zuwa rumfa an gama. Na ce yaushe bin akuya ya fara damunsa, shi da ba shi ke binsu ba? Ya ce surutun maƙwabta ne ya ishe shi. Da ƙyar na yarda aka kai su gidan ɗiyata.

Sai kuma koyarwa. Mutumin nan tun da aka kai ni gidansa bai taɓa cewa in zo in ga yadda yake aikinsa ba. Nasa nasa ne, nawa nawa ne. Amma yanzu kullum da hantsi sai in ji, "Ke tsohuwa, taho ki gani." Ranar farko ya ce in fiddo macen daga keji. Na miƙa hannu zan kama kunnuwa, yadda kowa ke ɗaukar zomo tun kaka da kakanni. Ya daka mini tsawar da na daɗe ban ji irinta ba.

"Kul! Ban da kunne! Wagga ba ta daji ba ce, nauyinta ya fi ƙarfin kunnenta. Hannu guda a ƙirji, guda a ƙasa, ki rungume ta awa jinjiri."

Na ce, "Na gama goyon ɗiya, yanzu da tsufana nama zan koma runguma?"

Amma na rungume ta. Tana da ɗumi, zuciyarta na bugawa da sauri a jikin hannuna. Daga ranar na sa mata suna Ƙatuwa.

Ya koya mini yadda ake kwaɓa musu dusa ba ta jiƙe sharkaf ba, da cewa ba a ba su ganye mai raɓa sai ya sha iska. Ya ce in za a haɗa su, ita ake kaiwa wurin namijin, in aka kai shi ɗakinta duka zai sha. Na ce ashe su ma sun san tarewa. Duk abin da ya nuna mini sai ya sa na maimaita da hannuna yana tsaye yana kallo, kamar mai shirin ba ni jarrabawa.

Sai ya shiga tara harawa. Ta wake, ta gyaɗa, duk inda ya ji ana sayarwa sai ya je. Kowa ya san bisa rumfa ake ɗora harawa ko bisa soro. Shi sai ya share ɗan ɗakin da ke kusa da madafa ya jera ta a ƙasa, dami bisa dami, inda ko a zaune nake hannuna zai kai. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Don awaki ake hawa da ita sama. Yanzu babu awaki, mi zai sa in yi ta hawan tsani?" Magana ce mai ma'ana. Duk amsoshinsa masu ma'ana ne, abin da ya ƙara tsorata ni ke nan.

Ranar da na kasa daurewa, ana tsakiyar sanyi ne, ina sanye da rigar sanyi ina jin wuta. Ya kira ni rumfa. Na tarar ya samo tsohuwar randa da bakinta ya fashe, ya kwantar da ita a gefe, ya binne rabinta cikin yashi. Ya ce zafi shi ne ajalin irin waɗannan zomaye. In bazara ta yi, in riƙa jiƙa yashin safe da rana, za su shiga randar su kwanta. In na ga suna haki, in shafa musu ruwa a kunne, kada in tsoma su.

Na dube shi na ce, "Malam, muna cikin ɗari kana koya mini maganin zafi. In bazarar ta zo, kai kana ina?"

Ya ci gaba da gyara yashi da ƙafa. Can ya ce, "Ina gona, ina sharar gona."

"Gonar da ake zuwa a dawo kafin azahar?"

"Ke dai kin cika bincike. Koyo laifi ne?"

Daga ranar na zama mai gadinsa. Ina duba yawan tuwon da ya rage a kwano. In ya tashi daga tabarma ina kallon ko zai dafa bango. Da ya shiga wanka na lalube aljifan rigarsa ko zan ga ƙwayar magani, ban samu komai ba sai ɓarin goro da asuwaki. Akwai ranar da na ga ya tsaya a tsakar gida ya dafe ƙirji, da ya ga ina kallo sai ya mayar da abin susa. Ko kuwa susar ce tun farko? Allah shi ne masani.

Da abokinsa na Bungudu ya zo, na faki idon Malam ya shiga alwala, na tare shi a zaure. Bayan mun gaisa na ce, "Alhaji, tsakaninka da Allah, ranar da kunka tahi Tsahe, kasuwa kaɗai kunka je? Ba ku biya wurin likita ba?"

Ya ce, "Hajiya, kasuwa, sai masallaci, sai wurin mai tsire. Likitan mi?"

Yana magana yana kallon takalminsa. Amma shi mutumin nan ko gaisuwa yake yi da mace takalminsa yake kallo, don haka ban ƙaru da komai ba.

Na koma kan Malam kai tsaye. Na ce ko yana da ciwo ko ba shi da shi, sai mun je asibiti an auna shi, in ba haka ba zan kira ɗiyarmu in gaya mata, ya san kuma halinta. Ya yi faɗa, ya ce ina yi masa fatan ciwo. Na yi kuka. Da ya ga kukan ba na wasa ba ne, ya sassauto ya ce, "To na ji. Ƙatuwa na da ciki. Bari ta haihu in nuna miki yadda ake yi da ɗiyan, sai mu tahi duk inda kike so." Na yarda, don cikin zomo ba ya daɗewa. Na riƙa leƙa kejin nan kamar ni ce ungozoma.

Wata safiya na tarar tana tsige gashin ƙirjinta tana tarawa a lungu. Malam ya riga ya gaya mini alamar haihuwa ke nan. Na je na same shi na ce alkawari ya cika. Ya ce ya ji, gobe da safe in shirya. Ranar har ya yi raha, ya ce in likita bai ga komai ba ni zan biya kuɗin mota. Da aka kira azahar ya yi alwala ya ɗauki hularsa. Ni kuma na buɗe keji zan matsar da Ƙatuwa in share ƙarƙashinta. Ya kai bakin zaure ya waiwayo ya yi mini magana, na amsa ban ko ɗaga kai ba, ya fita.

An ce ana sallame salla ya jingina da bango kamar mai lazimi. Sai da masallaci ya watse aka lura. Ɗauke aka shigo mini da shi.

Ƙatuwa ta haihu washegari, gida cike da 'yan gaisuwa. Ban san yadda aka yi ba, na tsinci kaina a rumfa ina leƙa wasu 'yan jajayen abubuwa marasa gashi suna motsi cikin gashin uwarsu. Wannan ne kaɗai abin da bai kai ga koya mini ba. Na tsaya ina kuka ina ce musu ni ma ban san yadda ake yi da ku ba.

Na shiga takaba, ba fita ko ƙofar gida. A nan ne komai ya riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Da awaki ne, wa zai bi su? Da harawa na bisa soro, wa zai hau? Bazara ta zo da zafin da ko mutum haki yake yi, na jiƙa yashi, zomaye suka shige randa suka miƙe ƙafa. 'Yan gaisuwa sun ɗauke ƙafa, ɗiyata tana da nata gidan da za ta kula da shi. Da yawan ranaku ba abin da ke tashe ni daga shimfiɗa sai sanin cewa akwai masu jiran dusa. Damin harawa na ƙarshe kuwa, a satin da na fita takaba na kwance shi.

Da na faɗa wa ɗiyata haka sai ta ce, "Inna, kowa na tara harawa ta kai shi faɗuwar ruwa. Takabarki ce ta ƙare da faɗuwar ruwa, shi ke nan." Ta kuma tuna mini da irin geron da muka samu a ɗakinsa, ya zaɓe shi zangarniya zangarniya ya ɗaure. Da kuma maƙerin da ya zo bayan rasuwar da sabuwar galma, ya ce Malam ne ya sa a ƙera masa. Ta ce mai shirin tafiya ba ya sa a ƙera masa galma. Gaskiyarta. Amma mai shirin zama yana koyar da maganin zafi a cikin ɗari?

Abokinsa ya sake rantse mini bai san komai ba. Na karɓi rantsuwarsa, don ba a ƙin karɓar rantsuwa. Sai dai har yau in ya zo gaisuwa ina kallon fuskarsa, shi kuma yana kallon takalminsa.

Ƙatuwa ta tsufa ta mutu, na sa aka binne ta, mutane suna ta yi mini dariya. Jikokinta na nan cike da rumfa. Ina sayarwa, da su nake sayen sabulu da goro, amma ban taɓa sa namansu a baki ba. Wanda duk ya zo saye, sai ya nuna mini yadda zai ɗauka kafin in sallama masa.

Wani lokaci haushin Malam nake ji. In ya sani, don me bai zaunar da ni ya faɗa mini ba, mu yafi juna kamar mutanen da suka tsufa tare? Don me ya bar ni na amsa masa maganar ƙarshe ina duƙe a kan kashin zomo? In kuma bai sani ba, wa ya sa shi duk wannan shiri? Ɗiyata ta ce Allah ne. Na san Allah ne. Ni dai Malam nake son tambaya.

Ga ta nan ta ajiye waya tana share ido, ta ce in taƙaita. To ba sauran da yawa. Maganar da ya waiwayo ya faɗa mini a bakin zaure, na juya ta ta kowace fuska ko zan ji sallama a cikinta, wata rana in ji, wata rana ban ji ba. Cewa ya yi:

"Ban da kunne hwa, tsohuwa. Rungume ta za ki yi. Ki dama mini hura, yanzu nika dawowa."