Yadda Na Yaye Karya a Riyad

Ni ban taɓa son kare ba, har yau kuma ba na so. A garinmu can ƙasar Damagaram kare na mafarauta ne, ba ya tsallake zaure. Amma a gidan da na yi aikatau a Riyad har kaina ya yi furfura, wata rana 'yar maigidan ta shigo da karya a cikin kwali. A wurin gine-ginen Dir'iyya aka tsinto ta. An datse mata kunnuwa, an ɗaure wuyanta da waya har ta nutse cikin nama. In namiji ya yi tari kusa da ita, sai ta saki fitsari.

Yarinyar ta sha kukanta, ta ɗauke ta hoto, ta koma jami'a. Aikin ya faɗo kaina.

Na ajiye ta bayan ɗakin wanki. Dabbar da ta sha duka ba ta son ido, don haka baya nake juya mata in zauna tsintar shinkafa, ina ba ta labarin garinmu ina haɗawa da zagi. "Ke mummuna, ki ci ko ki mutu, ba asarata ba ce." Ta fara ci in na tashi, ta koma ci ina zaune. Ran nan sai na ji haɓarta a kan ƙafata. Na wanke ƙafar da ƙasa kafin salla, na tsine mata, washegari ta sake.

Maigida ya ce mala'iku ba sa shiga gida mai kare. Ko a sama mata wuri kafin azumi, ko direba ya kai ta sahara ya yar. Aka samu wani Balarabe mai tumaki a bayan gari, mutum mai sanyin murya. Ya ɗauke ta, bayan 'yan kwanaki ya dawo da ita haƙarƙari a waje. Ta ƙi cin komai, ta tone ƙofa har faratanta suka yi jini.

Ya ce, "Ya hajja, wannan ke take nema."

Direbanmu, ɗan Maraɗi, ya same ni a kicin. "Inna, an ce in shirya mota. Kin san abin da zafin ranar sahara ke yi wa dabba."

Na ce masa ya roƙi mai tumakin ya riƙa zuwa da yamma, sauran a bar mini.

'Ya'yana duka ni na yaye su, ba wanda aka kai wa kaka. Maɗaci a nono, fuska a ɗaure, shi ke nan. Nan babu maɗaci, sai na shafa dakakken barkono a hannuwana da ƙafafuna. Ta lasa, ta yi ta atishawa tana goga baki a ƙasa, ta dawo ta kwanta gefena. Na daina yi mata magana. Na hana ta abinci sai daga hannun mutumin. Duk da haka ina motsawa tana biye.

Ranar tafiya na ciro wayar shanya, na lanƙwasa ta daidai wuya, na tsaya a kanta, na yi tari irin na maza. Ban taɓa ta ba. Ta dube ni, fitsari ya zubo, ta ja ciki har bayan ƙafafun mai tumakin ta ɓuya.

'Yar maigidan, da ta zo hutu, ta ƙwala ihu da Larabci. "Haram alaiki, ya hala!" Wato, "Ki ji tsoron Allah, inna!"

Na ce, "Ke hoto kika ɗauka, ni kashi na kwashe. Yi mini shiru."

Bayan ƙaramar salla direba ya kai saƙo gonar mai tumakin. Ya ce karyar ta yi ƙiba, tana zagaya tumaki kamar a cikinsu aka haife ta. Amma yana yi mata magana da Hausa ta shige ƙarƙashin mota, ta ƙi fitowa har ya tafi.

Na ce madalla, yaye ya kama. Na ci gaba da tsintar shinkafata.