Malama Hindatu Mai Tagar Kati

Ƙarfe bakwai na safe Malama Hindatu Junaidu take buɗe tagarta a ƙaramin asibitin unguwarmu a Illela. Takan goge tabarau da bakin mayafi, ta hau aikin da ta shekara goma sha huɗu tana yi: gaya wa jama'a abin da katin inshorarsu bai ɗauka ba, kuma a rabu ba a yi dambe ba. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Mutanen layi ba su manta ranar da Bashar dillalin albasa ya kawo mahaifiyarsa daga Tozai ba. Katinsa ya ɗauki shi da matarsa da 'ya'ya huɗu, ban da iyaye. Hawan jini ya sa tsohuwa gaba, albasa kuma ta faɗi a shekarar. Sai ya miƙa katin 'yarsa.

Hindatu ta dubi kati, ta dubi tsohuwa.

"Latifa, shekara tara?"

"Ita ce," in ji Bashar, yana kallon rufin ɗaki. "Ciwo ya tsofar da ita."

Tsohuwa ta karkato kunne. "Mi yac ce?"

"Inna, ya ce ke ɗiyatai ce," in ji Hindatu.

"Wanga? Ni na yaye shi, yana cizo na!"

Layi ya kece da dariya. Hindatu ta mayar masa da katin, ta rage murya: "Wagga hanya ba ta ɓullewa, Bashar. Zauna."

Ta kama hannun Inna zuwa wurin likita, ta roƙe shi ya rubuta maganin da ba shi da kwali mai ƙyalli, aiki ɗaya, kuɗi kaɗan. Daga baya ta yi sawu uku zuwa Sakkwato, har sunan Inna ya shiga tsarin tsofaffi marasa ƙarfi. Inna na nan da ƙafarta, tana kiwon awaki.

Malama, ke ce ba ki taɓa karɓar ƙarya ba, ba ki kuma taɓa korar mai ita da ciwonsa ba. Uwar masu layi, mun gode. Allah Ya ba ki lafiyar da kika nema wa mutane.

Ku kuma da za ku gaji kujerarta, in kati ya ce a'a, kada ku ce "na gaba". Ku tashi tsaye, kamar yadda ta riƙa tashi.