Ƙasar Bayan Ɗakin Kaka

Jiya maƙwabcinmu ya jiƙa farar ƙasa zai shafe katangarsa, iska ta kawo mini ƙamshin har cikin ɗaki. Sai na rufe littafin da ke hannuna. Idan kai ma kana da ƙamshin da ke ɗaukarka ya kai ka gida kana zaune, to ka san abin da ya same ni. Ni Illo ya kai ni, shekarun da aka sami mulkin kai, lokacin ko babban tulu ba a fara ɗora mini ba.

A shekarun nan aka kafa hukumar gyaran gari. Mu yara ba mu san mene ne hukuma ba. Abin da muka sani shi ne wasu mutane masu gajeren wando da suka zo da igiya da turaku da bokitan farar ƙasa. Su ja igiya, su kafa turke, su zuba farin layi, mu kuma muna biye muna tsallake shi da ƙafa ɗaya. An ce za a fitar da hanya miƙaƙƙiya daga kasuwa har iyakar Dahomi, a yi rumfunan kwano, a haƙa lambatu don damina ta daina cin katangu, a dasa itatuwa hagu da dama. Ranar da aka ƙetaro kogi da katafila a jirgin fito, ko tuwo ban iya ci ba. Masunta suka bar taru, Dendawa masu kawo manja suka bar tallarsu, kowa ya zo kallon ƙarfen da ke tafiya yana tari. Babana kuwa, da yake fataucin albasa da busasshen kifi a kan jakuna, bakinsa bai rufu ba. Har ya fara nuna mana inda motar lodi za ta riƙa tsayawa.

Sai farin layin ya shigo gidanmu. Ya ratsa katangar baya, ya yanke kusurwar da ke bayan ɗakin Kaka, mahaifiyar Baba. A ido wurin ba komai ba ne, ƙasa ce mai laushi da wata tsohuwar randa a kife. Amma nan ake binne mabiyiya, wato abin da ke biyo jariri in an haife shi. Tawa tana nan, da ta ƙannena, da ta 'ya'yan baffannina. Ba a zubar da shara a wurin, ba a ɗaure akuya.

Kaka ta ɗauko kujerarta ta ajiye a kan layin, ta zauna tana kaɗi.

"Inna, aikin gwamnati ne fa," in ji Baba, yana tsugune.

"Ita gwamnatin ta taɓa haihuwa?" in ji ta, ba ta ko ɗago ba. "Mota ta bi ta bisa jikokina ina kallo? Ku jira in mutu, ba ni daɗewa."

Ni dai zuciyata ta rabu. Ina son hanyar nan kamar in haɗiye ta, amma da na tuna tayar mota za ta murje abin da aka haife ni da shi, sai in ji cibiyata ta kama ciwo.

Da magana ta kai ga shugaban aikin, wani dogon mutum mai sanyin murya, ya zo da kansa. Ya cire takalmi, ya gaishe ta gaisuwar ɗa da uwa. Ya ce ba shi da ikon lanƙwasa hanya, don in ya lanƙwasa wa gida ɗaya, gobe hanyar za ta zama maciji. Kaka ta saurare shi, idonta na can ƙetaren katanga, inda leburori ke haƙa ramuka a jere.

"Waɗancan ramun fa, na mine ne?"

"Na itace ne, Iya. Dogon yaro za mu dasa."

"Mi kuka zubawa ciki?"

"Taki da ƙasa."

"Ƙasar wa?"

Sai ya yi dariya har da dafa ƙirji. "Ta wanda duk ya kawo."

Washegari an kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi, ƙasa na ƙamshi. Kaka ta aika aka kira ungozoma, Inna mahaifiyata da matan baffannina suka fito da fartanyu. Babu abin da ya rage a wurin sai baƙar ƙasa, amma ungozoma tana nunawa da sandarta, nan na wance, nan na wane, ba wanda ya yi mata musu. Aka ɗiba wa kowane yaro tasa a ƙwarya, aka rufe da faifai, aka ɗora masa a kai. Muka fito a jere kamar masu kai kayan amarya, wata gwaggona ta rangaɗa guɗa, maza a ƙofar masallaci suna ta murmushi. Ban taɓa tafiya da natsuwa irin ta ranar ba. Na zuba tawa a rami, aka miƙo mini ɗan dashe mai ganye kamar gashin tsuntsu, Kaka ta danne gindinsa da tafin hannu.

"Ga 'yar'uwarki nan," ta ce. "In ta sha ƙishi, ke kinka sha."

Kafin sati, duk gidan da layin ya taɓa sun yi haka. Ranar da katafila ta rushe katangarmu, Kaka na gefe tana cin goro, har tana gaya wa direban ya yi sauri, ƙarar ta dame ta.

Hukumar ta yi aiki, kada in ci amanarta. Rumfunan kasuwa sun tashi suna walƙiya, lambatu ya kwashe ruwan da ke kwana a ƙofar gidajenmu, kuma da rani amalanken shanu na zagayawa da ganguna yana shayar da dashen. Sai sojoji suka karɓi mulki. Wata safiya mai shela ya bi gari yana cewa an rushe hukumar, aikinta ya koma hannun en'e, wato hukumar sarakuna. Masu gajeren wando suka naɗe igiyarsu, aka mayar da katafila ƙetare, hanyar ta tsaya cak a bakin wata gonar gero. Amalanken ruwa ma bai sake zuwa ba.

Bazarar shekarar ta yi zafi ƙwarai. Itatuwan gaban ofis da na kasuwa suka bushe ɗaya bayan ɗaya, awaki suka ƙarasa su. Namu kuwa, wace uwa za ta bari? Ruwan alwala, ruwan wankin shinkafa, ragowar tulu, duk gindinsu ake kaiwa. Ni nawa har hira nake yi masa.

Yanzu in ka je Illo, matasa ba su san an taɓa yin wata hukuma ba. Ofishinta ya zama rumbun albasa. Hanyar ba ta kai Dahomi yadda aka zana ba, ita ma Dahomin ta sake suna. Amma unguwarmu tana cikin inuwa tun safe har la'asar, tsofaffi suna nuna itace su kira sunan mai shi, ko yana Legas, ko ya riga mu gidan gaskiya.

Bara na haihu a asibitin birni. Da na roƙi ma'aikaciyar jinya ta ba ni mabiyiyar, ta dube ni ta ce ta ɗauka 'yan boko sun bar wannan. Na ce wasu dai. Inna ta naɗe ta a tsumma mai tsabta, ta hau motar Bagudo da ita a cinya za ta kai ta Illo, ta ƙi yarda a sa mata a cikin kaya.